Tsingaron da Ke Gindin Ɗorawa

Ku ba ni hankalinku, 'ya'yan nan, ga wani labari da nake so ku riƙe. Yadda ya zo mini haka zan miƙa muku, ba zan sa masa gishiri ba.

A wani gari da ake kira Kwarin Tsamiya an yi wani dagaci mai suna Anaruwa. Sunansa na yanka Iliyasu, amma da yake ana tsuga ruwa aka haife shi, laƙabin ya bi shi har cikin rawani. Sabon shiga ne a sarauta, shekararsa biyu da naɗi. Ya yi boko, yana da tausayi, ba ya cin haƙƙin kowa da saninsa. Ciwonsa ɗaya ne: in mutum ya iya magana, to ya gama da shi.

A shekarun nan damina ta rikice wa garin. Ruwa ya zo a makare, in ya zo ya zo da fushi ya kwashe shuka, sannan ya ɗauke gero yana tsakiyar fitar da kai. Cikin rijiyoyi uku na garin biyu sun ƙafe, ta ukun kuwa sai an haɗa igiya biyu kafin guga ya taɓa ruwa. Abin yana cin ran Dagaci ƙwarai.

Ana nan sai ga baƙi a farar mota, shugabansu wani mai taushin murya ana ce masa Malam Sabi'u. Ya yi wa Dagaci bayani cewa hayaƙin manyan masana'antu na ƙasashe masu nisa shi ya ɗumama duniya, shi ya birkita damina. Ya ce yanzu an kafa doka: duk mai fitar da hayaƙi dole ya ɗauki nauyin tsare itatuwa a wani wuri, don itatuwa suna shanye hayaƙin. Kamfanin da ya aiko su ya zaɓi dajin da ke bayan dutsen garin. Za a kewaye shi da waya mai ƙaya shekara talatin, ba shiga, ba sara, ba kiwo. Su kuma za su haƙa wa gari rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, ruwa ya riƙa zuba daga famfo har a rani. Abin da ya rage kawai Dagaci ya buga hatiminsa a takarda ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Dagaci ya tara masu gidaje a ƙofar fada, ya karanta musu takardar. Kowa ya ce madalla, ai dajin nan ba gonar kowa ba ce.

Ranar Laraba da hantsi ya shiga cikin gida gaida kakarsa, Iya Tasalla, wadda ta haifi mahaifinsa. Tsohuwa ce da ta haura tamanin, idonta ɗaya ya yi hazo, amma kunnenta da kanta garau. Asalinta 'yar Gangare ce, wata unguwa a ƙarshen gari inda magina tukwane da masu daddawa suke, mutanen da ba su da gona ko ta shekara ɗaya. Ya same ta a inuwar rumfa tana tsince tsakuwa daga kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa da ake dafawa a yi daddawa.

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Amarya, na kawo miki albishir. Kin kusa daina wanka da rabin ƙwarya."

Ta ce, "Mijina ke nan, mai albishir da hannu wofi. Zauna in ji wa ya yi maka daɗin baki yau."

Ya kwashe labari duka ya gaya mata, har yana kwaikwayon yadda famfo zai riƙa zuba. Iya ba ta ɗaga kai daga faifai ba. Da ya gama ta tambaye shi ko mutanen nan danginsu ne. Ya ce a'a. Ta tambaya ko sun taɓa shan ruwan garin nan. Ya ce da nasu suke zuwa a gora. Ta ce to mutumin da ba ya shan ruwanka, me ya dame shi da ƙishirwarka har ya taso daga wata uwa duniya? Dagaci ya yi dariya ya ce ita dai Iya ba ta yarda da kowa, ko liman ya yi mata sallama sai ta leƙa bayansa.

Ta ce, "Na yarda da Allah, sauran kuwa sai na duba. Ka kiyaye kada ka yi irin ta Sarki Barmo, wanda ya kafa dokar tsare itace, ya wayi gari talakawansa suna tuge itace da hannunsu."

Dagaci ya ce, "Wane ne kuma Sarki Barmo? Yaya aka yi?"

Iya ta ture faifai gefe, ta gyara zama, ta soma.

A zamanin da, a wata ƙasa ta arewa da ake kira Tudun Marke, an yi wani sarki ana ce masa Barmo. A lokacinsa iska ta soma kwaso rairayi tana binne gonaki. Manoma su yi shuka yau, gobe su tarar ƙasa ta rufe ta. Sarki ya damu, ya tara fadawa ya ce a ba shi shawara. Wani baƙo mai babbar riga da ya daɗe yana zama a fada ya ce laifin talakawa ne, su ke sare itatuwa. Ya ce magani shi ne a yi shela: daga yau kowane itace a ƙasar nan na Sarki ne, ko a daji yake, ko a tsakiyar gonar mutum. Wanda aka kama da ɗanyen reshe a ƙwace akuyarsa. Fadawa suka ce wannan hikima ce. Aka yi shela, aka naɗa masu gadin itace, aka ba su sanduna.

Amma akwai masu narka tama su fitar da ƙarfe a gefen birni, waɗanda kowace rana suke cinye itacen da unguwa guda ba za ta ƙona a wata ba. Su aka ce aikinsu na Sarki ne, aka ba su alamar zobe, suka ci gaba da sara.

Shekara bakwai ana haka. Sarki ya hau tudu ya duba, ya ga ƙasa ta fi da tsiraici. Tsofaffin itatuwa suna mutuwa, ba ƙanana a bayansu. Ya tambayi masu gadi, suka rantse ba su bar kowa ya sara ba. Ya tambayi baƙon nan, ya ce a ƙara masu gadi. Sai zuciyar Sarki ta ƙi kwanciya. Wata rana da safe ya tuɓe kayan sarauta, ya sa tsohuwar taguwa, ya fita gonaki shi kaɗai.

Ya iske wata mata mai suna Yalwa a sunkuye a 'yar gonarta. Ya lura ba ciyawa take cirewa ba. 'Ya'yan gawo ne da suka tsiro, tana bin su ɗaya ɗaya tana tugewa, tana tura su ƙarƙashin ƙasa da ƙafa. Kai ma ka san gawo, mijina: shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina, ya bar wa gero rana, ya ba shi taki. Manomi mai hankali ba ya kashe gawo.

Sarki ya yi sallama ya ce shi matafiyi ne, ya tambaye ta ko ba ta san amfanin abin da take kashewa ba. Yalwa ta miƙe ta dube shi daga sama har ƙasa, ta daɗe tana kallon ƙafarsa. Ta ce ta fi shi sani, uwarta a ƙarƙashin gawo ta yaye ta. Ta nuna masa wani babban gawo a iyakar gonar, ta ce bara iska ta karya masa reshe, mai gadi ya zo ya ce ita ta sara, ya kwance akuyarta mai ciki ya tafi da ita. Ta ce tun daga ranar ta gane: itace a gonarka ƙofa ce da mai sanda zai shigo ta cikinta. Gara ka kashe shi yana ƙarami, tun bai zama na Sarki ba. Ta ce ba ita kaɗai ba, duk ƙasar haka ake yi, kowa da safe, kowa a ɓoye.

Sarki ya ce amma ai dokar don amfanin kowa aka yi ta.

Yalwa ta ce, "Malam matafiyi wanda diddigensa ba faso, wa aka tambaya? Ku manya in kun tashi gyara, irin gyaran Raƙumin Dawa kuke yi, ranar da aka aike shi ya dubo masu shan tafki."

Sarki ya ga an gane shi, amma ya daure ya ce, "Ban san wannan ba. Ba ni labari."

Yalwa ta jingina fartanyarta, ta ce to saurara.

An yi wata shekara ta fari a dawa, ruwa ya ƙafe ko'ina sai tafki ɗaya. A gabashin tafkin nan Giwa take wanka, ita da 'ya'yanta da jikokinta. Su sha, su tsotsa da hanci su watsa a bayansu, su kwanta su yi birgima. Ɓauna ma nan take, Dorina kuwa a ciki take kwana. A yammacin tafkin akwai wata 'yar gaɓa mai laka a ƙarƙashin ciyayi, inda Kurege ya tona ƙananan ramuka, ruwa yana tsattsafowa a ciki. Nan Bushiya take sha, da Kunkuru, da Fakara da 'yan tsakinta. Abin da dukansu suke sha a wata bai kai abin da Giwa take watsawa a bayanta sau ɗaya ba.

Da ruwa ya soma ja da baya, manya suka kira taro a kan wani tudu. Suka ce lallai a yi wani abu, in ba haka ba kowa zai mutu. Wannan kuwa gaskiya suka faɗa. Suka ce a fara sanin su wa ke shan tafkin, suka aiki Raƙumin Dawa, don ya fi kowa hangen nesa.

To shi Raƙumin Dawa yana da wani sirri. Ba ya iya kai kansa ƙasa sai ya tale ƙafafunsa na gaba, ya yi wata irin tsayuwa mai ban dariya, kuma yana jin kunyar a gan shi a haka. Saboda haka ya zagaya tafkin kansa a sama. Ya ga Giwa, ya ga Ɓauna, ya ga kunnuwan Dorina. Da ya zo yamma ya hango ciyayi kawai. Bushiya tana daidai ƙafarsa tana ce masa sannu da zuwa, bai ji ba. Ya koma ya ce gabas cike take da jama'a, yamma kuwa ba kowa.

Manya suka ji daɗi. Suka yanke cewa a rufe yamma da ƙaya, a adana ruwan wajen saboda gobe. Giwa ta ce ita za ta ɗauki wahalar jawo ƙayar. Ta karyo sarƙaƙiya, ta jibge a gaɓar yamma tun daga wannan ƙarshe har wancan. Sai taro ya ce tun da Giwa ta yi wa tafki wannan hidima, ba wanda zai hana ta wankanta. Ta koma gabas ta ci gaba da watsa ruwa, yanzu ma da hujja.

Ƙanana suka wayi gari ba hanya. Suka wakilta Kunkuru ya kai kuka. Kwana uku yana hawan tudun nan, da ya isa aka ce masa ai an tashi taro, me ya hana shi zuwa da wuri? Ya ce ba a gaya musu ba. Aka ce an yi shela, Ɓauna ce ta yi, da ƙarfi kuwa. Ya ce su a can ƙasa sun ɗauka tsawa ce. Aka yi dariya, aka ce ya tafi gabas ya sha kamar kowa, ai ba a hana shi ba. Fakara ta gwada kai 'yan tsakinta gabas, ɗan Giwa ya taka biyu, bai ma sani ba. Bushiya ta zauna a bakin ƙayar nan tana jin ƙanshin laka har ta mutu.

Da Yalwa ta kai nan sai ta ɗauki fartanyarta. Sarki Barmo ya matsu, ya ce to sai tafkin ya ƙafe, ko? Sai Allah ya kama manyan?

Yalwa ta ce, "A'a, ranka ya daɗe. Tafki bai ƙafe ba. Damina ta zo ya cika. Har yau Giwa tana ba 'ya'yanta labarin shekarar da ta ceci tafki. Shi ya sa ba ka taɓa jin labarin nan ba, don a gidajen manya da wani suna ake ba da shi."

Sarki ya tsaya kamar an dasa shi. Sannan ya koma fada. Washegari ya sa aka yi sabuwar shela: itacen da ya tsiro a gonar mutum nasa ne, ya rene shi, ya sassabe reshe in yana bukata, 'ya'yansa su gada. Ya karɓe zoben masu narka tama, ya ce kowane itace suka sara su dasa su kuma shayar. Baƙo mai babbar riga ya tattara ya bar gari. Ba a yi shekara goma ba gawo ya rufe gonakin Tudun Marke, don mutane sun daina tugewa, abin da ake bukata ke nan tun farko.

Iya Tasalla ta jawo faifanta, ta ce, "Itatuwa sun dawo. Akuyar Yalwa kuwa ba ta dawo ba, ba wanda ya ma tuna da ita. Mai kafa doka in ya yi kuskure yakan ce a yi haƙuri, wanda aka kwance wa akuya shi ke kwana da kuskuren."

Dagaci ya yi murmushi, amma ba irin na ɗazu ba. Ya ce labari ya yi daɗi, sai dai nasa daban ne. Waɗannan ba akuya za su ƙwace ba, ruwa za su kawo. Kuma ɗumamar duniya ba tatsuniya ba ce, masana sun tabbatar.

Iya ta ce ba sai masana sun gaya mata ba. Ita ta ga shekarun da ake shuka a watan da yanzu ake zaman jiran hadari, ta ga fadamar da ake kama tarwaɗa ta koma filin ƙwallo. Ta ce ba ta musun ciwon, maganin take tuhuma. Ta tambaye shi wa ya yi hayaƙin. Ya ce masu masana'antu. Ta tambaya in an kewaye dajin za su kashe wutarsu. Ya ce a yadda ya fahimta za su ci gaba, dajin ne zai riƙa shanyewa. Ta ce wato Giwa ta jawo ƙaya.

Sannan ta ce ya karanta mata inda takardar ta yi maganar masu dajin. Ya zaro ta daga aljihu, ya bi da yatsa, ya karanta: fili ne wanda ba gida, ba gona, ba mai shi. Ta tambaya ta yaya suka sani. Ya ce wani ɗan jirgi suka tayar, marar matuƙi, ya ɗauki hoton dajin daga sama, ya gani da idonsa a na'urarsu. Ta tambaya su wa suka zo taron ƙofar fada. Ya ce duk masu gidaje. Ta ce mace nawa? Ya ce Iya ai kin san mata ba sa zuwa ƙofar fada. Ta ce daga Gangare fa? Ya ce an yi shela.

"Ɓauna ce ta yi?" in ji Iya.

Dagaci ya naɗe takardar ya mayar aljihu. Ta miƙa masa hannu ta ce ya tashe ta, ya ɗauko mata sandarta, za su bayan dutse. Ya ce rana ta yi, ga ƙafarta, a bari a kawo babur. Ta ce ƙafar nan ta san hanyar tun kafin a haifi ubansa, kuma ba ta son rakiyar fadawa, daga ita sai mijinta.

Suka bi ta Gangare. Mata suna bakin murhu, manyan tukwanen kalwa suna tafasa, don kalwa sai ta yini a wuta kafin ta yi laushi. Kowa ta gaida Iya da fara'a, ta gaida Dagaci da ladabi, ta bi shi da ido. Ya lura da idon, bai ji daɗinsa ba.

Da suka shiga dajin sai sanyi ya sauko musu. Ɗorawa ce jere, da kaɗanya, da kanya, da tsamiya. Iya ta tsaya a gindin wata babbar ɗorawa tana haki, ta nuna ƙasa da sanda ta ɓangaren gabas, ta ce ya tona nan. Dagaci ya dubi farar rigarsa, ya dubi hagu da dama.

Ta ce, "Ba mai ganinka. Tale ƙafafun."

Ya durƙusa, ya tona da hannu. Bai kai zurfin tafin hannu ba ya ci karo da abu mai tauri. Ya zaro wani tsingaro, wato ɓallin fasasshiyar tukunya, an yi masa zane uku da ɗigo a tsakiya. Iya ta ce wannan zanen uwarta ne, shi take yi a wuyan kowace tukunya da ta gina. Ɗorawar nan ta uwarta ce, ita ta gada, kuma ta riga ta ba wata jikar ƙanwarta a Gangare. Ta ce ya tona na gaba. Ya tona, ya sami wani mai zanen ƙafar kaza. Na gaba mai zanen gicciye biyu. Ya tona bakwai, bai sami gindi ɗaya wofi ba.

Iya ta zauna a kan saiwa, ta gaya masa abin da ba a taɓa faɗa a ƙofar fada ba. Ta ce matan Gangare ba su gaji gona ba, itace suke gada, daga uwa zuwa 'ya. Ana binne alamar ne don kada awaki ko yara su kawar da ita. Ba mai taɓa 'ya'yan itacen wata. Ba mai kaɗa ɗorawa sai ta nuna, sai babbar cikinsu ta ce a shiga. Busasshen reshe na kowa ne, ɗanye kuwa wadda aka kama ta sara, ba mai sake sayen daddawarta, ba mai zuwa sunan jikanta. In ɗan itace ya tsiro, wadda ta fara gani ta kewaye shi da ƙaya ta binne tsingaronta. Ta ce maza ba su sani ba don ba su taɓa tambaya ba, su dai su ga miya ta yi daɗi.

Ta ce, "Dubi gonakinku, ko sandar kora kare babu. Dubi nan. Da matan nan ba su tsare dajin nan ba, me baƙinka za su zo su tsare? Sun zo sayen abin da wasu suka rena, kuma sharaɗin farko a kori masu renon."

Suna nan sai ga wata mata ta ɓullo da damin kirare a ka, sunanta Kuluwa, mai daddawa ce. Da ta ga rawani ta yi turus, kamar za ta koma. Ta rusuna ta yi gaisuwa ba tare da ta sauke damin ba, ta yi saurin cewa duk busassu ne, a duba. Dagaci ya ce ba wanda ya tuhume ta. Ta juya wajen Iya, ta rage murya, ta tambaya wai gaskiya ne an ce waya tana zuwa. Iya ta ce ga mai wayar nan a durƙushe, ta tambaye shi. Kuluwa ta dube shi, ga ƙasa a gwiwarsa, ga tsingaro a hannunsa. Dagaci ya mayar da idonsa kan tsingaron. Ta jira kaɗan, ta gyara gammonta, ta wuce.

Ya daɗe yana juya tsingaron. Can ya ce, to rijiyar fa, Iya? Yaran Gangare ma ƙishirwa suke ji. In ya ƙi buga hatimi baƙin nan suna iya tafiya wani gari.

Iya ta ce suna iya tafiya, ba za ta yi masa ƙarya ba. Ita ba ta ce a kore su ba, ba ta kuma ce kada a tsare daji ba. Amma in da gaske itatuwa suke so su rayu, ga masu aikin nan a Gangare, a rubuta su a takarda, a bar musu hanyarsu da dokarsu. In kuwa suka ce sai dai waya, to ya san ba itatuwan ne suka dame su ba, hujjar wanka suke nema.

Dagaci ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Na ji, Iya, na kuma gani. Ni ne na yi tsayuwar Raƙumin Dawa a garin ubana. Ba zan buga hatimi a takardar da ta ce ba kowa a nan ba. Gobe zan kira taro a Gangare, bayan la'asar, in sun sauke tukwane. Abin da matan nan suka yarda da shi, shi za a rubuta. In rijiya ta zo a haka, alhamdu lillahi. In ba ta zo ba, mu ƙara igiya."

Ya buɗe aljihu zai jefa tsingaron, ya ce zai nuna wa Malam Sabi'u ranar Juma'a.

Iya ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Mayar da shi inda ka same shi, ba naka ba ne. Mai son gani ya zo nan ya durƙusa."

Ya mayar da su duka bakwai, kowanne a gindinsa, ya rufe da ƙasa, ya daddanna da tafin hannu. Da ya miƙe ta miƙa masa hannu, ya zaci so take ya tashe ta. Ta ce a'a, hatimin. Ya yi dariya ya ce ashe har yanzu amarya ba ta yarda da mijinta ba.

Ta ce, "Na yarda da kai yau. Amma jibi mai taushin muryar nan zai dawo, kai kuwa na san kunnenka."

Dagaci bai yi musu ba. Ya zaro hatimin ya sa mata a tafin hannu. Ta ƙulle shi a haɓar zaninta tare da goronta, ta ja ƙullin da haƙoran da suka rage mata, sannan ta dafa kafaɗarsa suka kama hanyar Gangare.